Bazarar da Inna ta kira sunan Sa'adatu

Abin da na fara gani jiya da kabu-kabu ya sauke ni a gidan Kaka Ige a Tursa shi ne gidan sauro guda uku a tsakar gida, an naɗe su sama an ɗaure, suna lilo a ƙarƙashin dogon yaro. Na biyu shi ne bango. An sake masa yaɓe sumul, har ana ganin sawun yatsun wanda ya shafa. Na duba inda turken awaki yake a da, dab da wurin shimfiɗa tabarmi. Babu komai sai randar ruwa. Awakin suna can bayan rumbu, kukansu kawai nake ji.

Bazara ce. Ƙasa na ƙona ƙafa ta cikin silifas, iska kuma in ta taso kamar daga bakin murhu ta fito. Duk motar da ta wuce mu a hanya albasa ta ɗauko, warin ya bi ni har cikin hijabi. Wannan zafi da wannan wari su suka mayar da ni bazarar shekara huɗu da suka wuce, wadda azumi ya faɗo a tsakiyarta, ina aji shida na firamare.

Mu a Kwargaba muke. Baba manomin albasa ne a fadama, Innarmu kuma Bafulatana ce daga Kagara. Yaya Sa'adatu ce 'yar farinta, kuma tun da aka yaye ta Kaka Ige, mahaifiyar Baba, ta ɗauke ta zuwa Tursa, can ta girma. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta faɗi sunanta ba. In ya zama dole sai ta ce "waccan", ko "ɗiyar tsohuwa". In Yaya Sa'a ta zo gaisuwar Sallah, Inna kan amsa tana kallon tukunya. Kowa ya san ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, ta mutanen Inna kuwa ta fi ta kowa ƙarfi. Akwai wata yarinya a maƙwabtanmu mai suna Sa'adatu, ita ma "mai sunan waccan" Inna take ce mata.

Tun bayan girbin gero labari ke zuwa cewa Yaya Sa'a tana zazzaɓi. A ce ta sha magani ta samu sauƙi, bayan mako biyu a ce ya dawo. Duk wanda ya kawo labarin Baba yake gaya wa, Inna kuwa ta ci gaba da aikinta kamar ba ta ji ba. Ni dai na lura ranar da aka kawo irin wannan labari, ko gishirin miya ya yi yawa, ko a manta da shi gaba ɗaya.

Shekarar ruwa ya ɗauke da wuri, gero bai cika rumbu ba. Kafin a ga watan azumi Baba ya fara shiga cikin rumbu da kansa, don hannu ya daina kaiwa ga damman. Kunun shan ruwa ya koma tsararo, kana ganin gindin ludayi ta cikinsa. Rijiyar unguwarmu sai da aka ƙara wa guganta igiya sau biyu, abin da ke fitowa kuma ja ne, sai an ajiye ya kwanta. Duk idonmu yana kan albasa. Da an idar da sallar asuba Baba ya wuce fadama. Da hantsi a kawo mana lawashi a kan jaki, mu zauna a inuwar katanga da Inna muna yankawa, mu kirɓa a turmi, mu dunƙula gabu mu jera a tabarma ya sha rana. Hawaye na zuba saboda yajin lawashi, maƙogwaro a bushe, ba mai magana sai in dole. Da azahar ko kaji buɗe baki suke yi su kwanta a jiƙaƙƙen wurin da ake alwala.

Kwana biyar da kama azumi Inna ta ƙulla gabu da garin kuka a tsumma ta miƙo mini.

"Balki, za ki Tursa ki kai ma tsohuwa wanga. Ki yi kwana ukku." Ta gyara mini ɗankwali, ko da yake bai karkace ba. "Ke mai ido ta. Ki diba gidan da kyau. In kin komo ki hwaɗa min abin da kig gani."

"Mi zan diba, Inna?"

"Komi."

Ni ba mai magana ba ce. A makaranta ko na san amsa ba na ɗaga hannu, a gida kuma Shiru-shiru ake ce mini. Amma kallo ba ya ba ni wuya.

Na iske Yaya Sa'a kwance a inuwar ɗakin Kaka. Shekararta goma sha huɗu a lokacin, kuma ita ce wadda a da take ɗauko tulu daga rijiya ba gammo, tana tafe tana tsokanar mutane. Hannuwanta sun koma kamar karan dawa. Cikinta kuwa ya taso kamar an kifa ƙwarya a ƙarƙashin riga, ya fi karkata hagu. Goshinta da bayan hannunta sun yi duhu, tafin hannun kuma fari fat.

"Shiru-shiru!" ta ce, tana dariya a hankali. "An aiko ki kallon mai tulu a ciki? Matso, ba ya hwashewa."

Na zauna. Na ga jigidarta rataye a ƙusa, an tsinke ta da wuƙa don ta daina zagaye ƙugun. Na ga fankon maganin zazzaɓin sauro guda uku an soke a jikin azara, duk an shanye. Na ga tsumma a ƙarƙashin matashinta da busasshen jini, na haɓo. Kwana ukun da na yi, zazzaɓin kan zo da hantsi, ya sake ta, ya dawo bayan la'asar har haƙoranta su riƙa haɗuwa a cikin wannan zafin. Ba ta azumi, kuma tana cin abin da aka ba ta, amma ita da kanta ta ce ba ta san inda yake zuwa ba.

Da an sha ruwa sai a fito da tabarmi, don ɗaki ya zama tanda. Ana shimfiɗa su a gindin bango, bangon kuma ya tsattsage har ƙadangare na shiga. Awaki suna ɗaure taku biyu daga kanmu, ga tarin takinsu da ake ajiyewa don gona. Tun kafin duhu ya rufa sai ka ji kamar an soka maka tsinin allura a wuyan hannu, ba ka ji kukan komai ba. Na kashe guda na kawo shi kusa da ido. Ƙyashi ne, bai kai rabin sauro ba, kalar rairayi, fikafikansa a tsaye.

Na daure na tambayi Kaka ina gidan sauronta.

"Sauro da bazara? Ina yag ga ruwan da zai sha?" ta ce. "Tun da damana taw wuce na bayar anka ruhe irin albasa da su, kaji na ɓarna."

Ita ta gaya mini abin da aka shirya, tana tauna goro bayan ta sha kunu. "Saihwa ta. Mun sha na kemis har mun gaji. Ran Laraba Ɗan Jimma wanzami zai zo shi yi mata sakiya, kowa shi huta." Na san sakiya. Ƙarfe ake sawa a wuta har ya yi ja, a ɗosana a kan kumburin.

Da na koma Kwargaba na iske Inna tana surfe. Ba ta tambaye ni komai ba. Na tsuguna gefen turmi na fara jerowa. Na ce rijiyar Tursa ta fi tamu ruwa. Na ce kazar Kaka ta ƙyanƙyashe bakwai, shaho ya ɗauki ɗaya. Na ce bango ya tsage. Na ce akwai jigida a rataye a ƙusa, an tsinke ta da wuƙa. Taɓarya tana sauka, tana tashi. Na faɗi fankon magani, na faɗi tsumma mai jini, na faɗi tafin hannu. Taɓarya ba ta tsaya ba, sai dai ta ƙara sauri har gero ya fara tsalle waje. Sannan na ce ran Laraba wanzami zai zo yin sakiya.

Taɓaryar ta tsaya a sama.

"Yau wace rana ta?"

"Talata, Inna."

Washegari Baba yana ɗaura wa jaki mangala, Inna ta tsuguna nesa kaɗan ta ce, "Malam, ina son in tahi in gaida tsohuwa da azumi."

"Ba jiya Balki tad dawo daga can ba?"

"Gaisuwar aike ba ta kai ta ƙahwa."

Baba ya daɗe yana kallonta. Shi ma 'yar farinsa ce, kuma a hannun mahaifiyarsa take, bai taɓa sa baki a kan abin da Kaka ta yanke game da ita ba. Daga ƙarshe ya ce, "Ku tahi kahin rana ta yi. Ki ɗau Balki."

Tun daga zaure muka ji ƙamshin gawayi. A tsakar gida an kwantar da Yaya Sa'a a tabarma, an ɗage rigarta zuwa ƙirji, mata biyu na maƙwabta sun riƙe ta, ɗaya kafaɗu ɗaya ƙafafu. Ɗan Jimma, dattijo mai farin gemu da zabira a gefensa, yana fifita kasko. Bakin ƙarfen ya fara ja. Yana ta ba Yaya Sa'a baki: "Haba jikalle, cizon tururuwa na. Kakarki ma ni niy yi mata... a'a, ubana na, ni ina riƙon kasko."

Inna ba ta taɓa shiga tsakar gidan surukarta a tsaye ba. Daga bakin ƙofa take durƙusawa, ta ja gyale ta rufe rabin fuska, ta yi gaisuwa da muryar da sai an kasa kunne. Ranar ma haka ta yi. Ta durƙusa, ta ce wa Kaka, "Ina kwana, Inna. Ya ibada?" Kaka ta amsa da mamaki. Ɗan Jimma ya zaro ƙarfen, ya hure tokar da ke bakinsa.

Sai Inna ta miƙe tsaye.

"Sa'adatu!"

Ban taɓa sanin muryarta na da ƙarfi haka ba. Matan nan biyu suka saki hannu kamar su aka ƙona. Yaya Sa'a ta juyo da kai, ta rasa wanda ya kira ta, don ba ta san sunanta a wannan muryar ba.

"Sa'adatu, sauke rigarki ki taso."

Ɗan Jimma ya tsaya cak da ƙarfen a hannu. Ɗaya daga cikin matan ta kama baki ta ce, "La ilaha illallahu, yau Hulani sun aje kunya."

Kaka ta ajiye carbinta. "Ke Hurera," ta ce wa Inna, "yau ni za ki nuna ma ke kih haihe ta? Ni nig goya ta. Ni nit tauna mata abinci. Kin ga alamun ina son in kashe ta?" Ta ɗage gefen rigarta, ga tabo uku baƙaƙe a ƙarƙashin haƙarƙari. "Diba nan. An yi min, ga ni zaune."

Inna ta koma ta durƙusa, amma ba ta rufe fuska ba.

"Inna, ba wanda yak kai ki sonta. Amma ina da ƙane a Kagara, Buba. Hakan ga cikinai yay yi, hakan ga hannunai yay yi hwari. Anka yi mai sakiya wuri tara. Ni nir riƙe mai ƙahwahu. Gyambon bai warke ba har yab bar duniya." Ta ɗago kai ta dubi Kaka. "Ban taɓa roƙonki komi ba bisa yarinyar ga. Yau ina roƙo. A kai ta asibiti su diba jininta."

Kaka ta sauke rigarta, ta ɗauki carbinta. Sannan ta ce, "In za a tahi, da ni za a. Ba mai kai min ɗiya inda ban gani."

Ɗan Jimma ya dubi ƙarfensa, ya dubi Inna. "Tau," ya ce, "ƙarhe ba ya ruɓa. In sun kasa, kun san gidana." Ya tsoma shi a kwanon ruwa. Har yau ina jin wannan "cuuu" ɗin, da ɗan hayaƙin da ya tashi.

A asibitin da muka fara zuwa, wata malamar asibiti mai tabarau ta soki yatsan Yaya Sa'a ta gwada zazzaɓin sauro. Babu. Ta kwantar da ita ta danna cikin a hankali, tana bin gefen kumburin da yatsu har kusan cibiya. Ta ja fatar idonta ta duba. Sannan ta fara tambaya: tun yaushe, sau nawa aka sha magani, yaya zazzaɓin yake zuwa.

Inna ta dubi Kaka, don ba a gabanta aka yi ciwon ba. Kaka ta ce, "An daɗe dai. Mun sha magani da yawa." Malamar ta sake tambaya, Kaka ta sake faɗin haka. Sai na ji Inna ta taɓa ni da gwiwar hannu.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na kafa ido a kan takalmin malamar, baƙi ne, igiyar ɗaya ta fi ɗaya tsawo, na fara. Na ce tun bayan girbin gero ne. Na ce fanko uku ne a azara, duk na sauro. Na ce sau biyu yake zuwa a yini. Na faɗi haɓo, na faɗi jigida. Da ta tambayi inda take kwana, na faɗi bango da awaki da taki, da ƙyashin da na kashe, da inda gidan sauro ya tafi.

"Wa yak koya miki kallo haka?" in ji malamar. Ta juya ga su Inna. "Zazzaɓin da yaw wuce mako biyu, maganin sauro bai taɓa shi ba, ga saihwa ta kumbura, ga rama, ga ƙarancin jini. Akwai ciwon da nike zato, amma ba mu da abin gwajinai nan. Yau za ku Sakkwato, ba gobe ba. Kuma kak ku bari a ƙona ta. Jikin da ba jini ba ya warkar da gyambo."

Aka aika wa Baba. Ya bar albasarsa rabi a tone rabi a ƙasa, ya iske mu a tasha da taɓon fadama a ƙafa.

A babban asibiti a Sakkwato aka sake sokin yatsa, aka ɗiga jinin a kan wani ɗan siririn abu kamar tsinken ashana mai faɗi. Muka zauna jira. Na ga layi ɗaya ya fito, can sai na biyu ya biyo shi a hankali. Likitan ya ƙara wasu gwaje-gwajen kafin ya tara mu ya ce sunan ciwon kala-azar.

"Kala mi?" in ji Kaka. "Ni ko a bakin bokaye ban taɓa jin shi ba."

Likitan ya yi dariya, ya yi mata bayani da haƙuri. Ya ce ƙyashi ne ke sa ƙwayar cutar in ya ciji mutum, ita kuma ta tafi ta zauna a saifa da hanta da ɓargo, tana hana jiki yin jini. Ya ce ƙyashin yana ɓuya a tsagar bango da suri da wurin da dabbobi ke kwana, ya fito da almuru, kuma ba ruwansa da damina. Ya ce wanda aka bari ba magani da wuya ya tashi, amma wanda aka kawo ana warkar da shi. Baba ya tambaya ko an makara. Likitan ya ce, "Ba ku makara ba. Amma da kun ƙara wata guda, da ban yi muku wannan alkawari ba."

Sai da aka fara ƙara mata jini. Na Baba ne ya dace. Ya jira aka kira magariba, ya sha ruwa da dabino uku, ya miƙa hannu. Daga nan aka shiga allura, kullum, har kwana goma sha bakwai, ba a tsallake ko ɗaya.

Ni aka mayar da ni Kwargaba wurin maƙwabta. Ina tsammanin albasarmu ta lalace ke nan, don in ta daɗe a tone cikin wannan rana dahuwa take yi. Kwana biyu bayan tafiyarmu Sakkwato, da aka fito sallar asuba, na ji liman ya yi magana a ƙofar masallaci. Kafin hantsi mutum ya fi ashirin a gonar Baba, duk da azumi a bakinsu. Masu tono na tono, masu yankan lawashi na yanka, jakuna na kai da komo zuwa rudu, rumfar karan da ake jera albasa ta sha iska. Matan unguwa suka kawo turamensu gidanmu. Ba kiɗa ba waƙa, kowa na tattalin miyaunsa, sai ƙarar taɓare kawai. Wata tsohuwa tana dunƙula gabu tana cewa, "Ashe Hurera na da murya? Shekara sha biyar muna zaune da ita ban sani ba." Labarin ya riga ni isowa gida.

Sau biyu aka kai ni dubiya. A na farko na iske lokacin allura ne. Yaya Sa'a tana kuka tana cewa ta gaji, cinyoyinta duk sun yi tsami, a bar ta haka. Inna na zaune a kan gadon, ta ɗora kanta a cinya, tana shafa mata gashi a gaban kowa, tana cewa, "Saura tara, Sa'adatu. Daure." Kaka tana gefe tana yi musu fifita, tana kallon taga kamar ba ta ji ba.

A na biyu, kwana uku kafin Sallah, tun daga ƙofar ɗakin na ji muryarta tana gardama. Zazzaɓin ya ɗauke tun mako guda. Tana zaune da kanta, ta ture kwanon kunu.

"Shiru-shiru, kin zo hannu sake? Ni ɗatun rama nika so, da ƙuli mai yawa. Mutanen ga za su kashe ni da kunu."

Ta kamo hannuna ta ɗora a cikinta. Kumburin ya ja baya, sai ka danna sosai kake jin gefensa. Na juya tafin hannunta. Ya fara ja-ja a tsakiya. Kaka ta tashi ta fita neman rama a bakin asibiti, tana tafe tana faɗin, "Mai gardamar abinci ya warke."

A asibiti suka yi Sallah. Kwana shida bayanta aka sallame su, aka ce su koma bayan wata shida a sake dubawa. Ranar da suka iso Tursa hadari ya haɗo daga gabas, na farko a shekarar. Iska mai sanyi ta fara kaɗawa, awaki suka rikice, sai ga manyan ɗigo suna faɗuwa ɗaiɗai suna tayar da ƙamshin ƙasa. Yaya Sa'a ta ƙi shiga ɗaki. Ta tsaya a tsakar gida da ƙafafunta, ta buɗe hannu, ruwa na dukan fuskarta. Matan da suka riƙe ta ranar sakiya su suka fara guɗa. Ɗan Jimma ma ya zo, ya tsaya a zaure ya leƙo, ya ce, "Jikalle, kin hana ni aiki." Ta ce, "Baba wanzan, ka yi haƙuri, ka aske ma Baba gemu madadin." Ya tafi yana dariya.

Da ƙasa ta jiƙu Baba ya kwaɓa laka, shi da maƙwabta suka toshe kowace tsaga a bangon suka bi da yaɓe. Aka farfasa surin da ke bayan ɗaki. Aka kwashe taki zuwa gona, aka mayar da turken awaki bayan rumbu, Kaka tana mita wai za su yi kewarta. Tsofaffin gidajen sauron da suka rufe irin albasa sun yayyage, rana ta cinye maganin jikinsu, sai aka samo sababbi masu magani. Yanzu ko a tsakar gida za a kwanta sai an sauke su tun almuru an cusa bakinsu a ƙarƙashin tabarma, damina ko bazara. Kaka ce ma ta fi kowa tsanani a kai. Na ji ta da kunnena tana gaya wa wata mata da ɗanta ya daɗe yana zazzaɓi, "Kai shi su soki yatsanai tukuna. Akwai wani kala-mi-ne-ne, ni na san shi."

Da wata shida ya cika aka koma, likita ya ce ba sauran komai.

Sai dai tun ranar da aka baro asibiti Inna ta koma yadda take. Gyale ya koma rabin fuska, murya ta koma ƙasa, Yaya Sa'a ta koma "waccan". Kamar aro ta yi na kwana ashirin da 'yan kai, ta mayar. Yaya Sa'a ba ta taɓa cewa komai a kai ba. Amma na lura jigidar nan tana nan a ƙusa, ba ta yarda a jefar ba, kuma duk sanda ake ba da labarin ciwonta, ba allura take faɗi ba, ba jini ba. Cewa take yi, "Ran nan na rasa wa yak kira ni."

Yau da hantsi Inna ta iso Tursa ita ma, ta kawo wa Kaka gabun bana. Ta durƙusa a bakin ƙofa ta yi gaisuwa kamar kullum. Da la'asar muna zaune ni da ita a gindin dogon yaro tana kwaɗa rama, sai ga Yaya Sa'a ta shigo daga rijiya, tulu a ka ba gammo, tana tsokanar wani a waje. Ta wuce bayan rumbu ta ba awaki ruwa. Na ga idon Inna ya bi ta har ta ɓace, sannan ya koma cikin kwano. Ta ƙara ƙuli, ta sake ƙarawa.

"Balki," ta ce, "tahi ki ce ma waccan ta zo ta ci."

Na miƙe, na yi taku biyu, na tsaya. Na dawo na tsuguna kusa da ita, yadda Kaka ba za ta ji ba.

"Inna," na ce, "don Allah ki kira ta da kanki. Irin na ran nan. Ko sau guda na."